Auren Tsallaken Rafin Marke

Ku da kuke ƙunshe dariya duk lokacin da na buɗe baki, kuna cewa muryar Baba Garba kamar ana jan tsohuwar ƙofar kwano, ku matso ku ji inda muryar ta tafi. Ba tsufa ne ya cinye ta ba, ba kuma sigari ba. A bakin rafi na bar ta, a kan maganar wani yaro da aka so a mayar da shi shege a ƙwace masa gonar ubansa. Kun ma san shi, a kantinsa kuke sayen sabulu. Amma bari in ɗauko muku daga tushe, tunda abin da kuka sani game da sanƙiranci bai wuce ihu da cusa goro a aljihu ba.

Sanƙira shi ne mai tsayawa a wajen ɗaurin aure ya ɗauki maganar da manya suke yi ƙasa-ƙasa a kan tabarma ya kai ta kunnen kowa. Waliyyi ya ce ya bayar, wakili ya ce ya karɓa, liman ya yi addu'a. In ka bar su da halinsu, ko wanda yake bayan liman ba zai ji ba, don manya gani suke ɗaga murya zubar da girma ne. Aure kuwa ba a ɓoye shi, wanda ba a ji ba gobe ana iya musunsa. Yanzu kowane ɗan bana-bakwai sai ya rataya lasifika a reshen darbejiya, ya hura ƙarfe, ya ce, "Jama'a ana ji na?" shi ke nan wai ya zama sanƙira. Ana jin ka mana, ɗan nan, har awaki suna jin ka. Jibi ka tambayi mutane auren wa aka ɗaura, ka ga ko akwai mai ba ka amsa.

A hannun Baba Nadabo na koyi aikin, wani siririn tsoho mai faɗan tsiya da yake zaune bayan kasuwar Rano, tun Turawa suna ƙasar nan. Na je masa da kurin cewa ina da murya, don in na kira shanu daga gona ana ji a cikin gari. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Jaki ma yana da murya, ka taɓa ganin an gayyace shi ɗaurin aure?" Ya miƙa mini jakar fata da sandarsa, ya ce in biyo shi. Na daɗe ina bin sa bai bar ni na ce uffan a taro ba. Cewa yake kayan aikin sanƙira uku ne, ƙafa da kunne da maƙogwaro, kuma maƙogwaro shi ne autansu.

Ƙafa ta sha wuya. Babu lungun da ba mu taka ba daga duwatsun Rurum zuwa Zinyau, mu gangara Kibiya mu ɓulla Nariya, takalmin fade yana cin dunduniya. A tafiyar nan ya koya mini cewa aure hanyar kasuwa yake bi. Ƙauyukan da suke cin kasuwa ɗaya su ne suke auratayya, don a can samari suke ganin 'yammata masu tallar fura. In rafi ya raba gari biyu, za ka tarar aurensu duk na rani ne. Mutanen kan tudu ba sa son ba da 'ya a kwari, wai sauro, mutanen kwari kuma ba sa son ba da tasu a tudu, wai ɗiban ruwa zai tanƙwara mata baya, amma duk shekara sai mun ɗaura irin auren da suka rantse ba za su yi ba. Kunne kuwa shi ne ka san wane ɗan wane ne, wace ce ta shayar da wa, wane gida ne ba a ambatar sunan kakansu saboda abin da ya fito da shi daga garinsu na asali. Ka yi kuskure a nan, ka ci duka kafin a shafa fatiha.

Sai da ya ga ƙafata ta yi kanta sannan ya zo kan murya, a nan ma ba ihu ya koya mini ba, wajen tsayuwa ya koya mini. Dutse yana mayar da magana, ka juya masa baya ya tura maka ita gaba. Fadama haɗiye ta take yi. Dawa in ta yi tsawo da damina, ko ka tsage ba za ta bar maganarka ta wuce kunya uku ba. Iska kuma ba a faɗa da ita, jira ake ta numfasa ka jefa kalmarka a tsakani. Ranar aiki babu ruwan randa mai sanyi, babu soyayyar gyaɗa. Citta da kanumfari da ɗan zuma a ƙaramar kwalba, su ne guzurinmu. Goron da ake sallamarmu da shi ma ba ma ci sai an tashi, don yana daskarar da maƙogwaro. Kun ga sana'ar da ake biyan ka da abin da yake kashe ta.

Masu kiranmu kuwa kala-kala ne. Akwai wanda zai ja ka gefe ya ce in ka zo kan kakansa ka ce malami ne, alhali duk garin an san a bakin kasuwa ya mutu yana caca. Akwai attajirin da zai sa ka yi ta kiran sunansa har rana ta take, sannan ya laluba aljihu ya ce ashe rigar ya canja. Fulanin daji sun fi kowa cika alkawari, sai dai ladan nono ne da man shanu, ka ɗauko ƙwarya a ka tun daga ruga ƙudaje suna yi maka rakiya. Malamai su ne ƙarshe. A wa'azi mu ne maroƙa 'yan wuta, ranar da za su aurar da 'ya kuwa tun asuba ɗan aike yana ƙofar gidanka.

Ana haka sai En'e, hukumar sarki, ta ce kowane dagaci ya sa malaminsa ya riƙa rubuta haihuwa da mutuwa da aure a littafi. Baba Nadabo ya yi dariya har da tari, ya ce to, an kawo mana abokan aiki marasa ƙafa. Ban raina littafin nan ba, ya yi wa mutane da yawa rana. Amma malamin dagaci abin da ya faru a ƙasar dagacinsa kaɗai yake rubutawa, taku ɗaya bayan iyaka ba ruwansa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Auren Idi da Hajara shi ne aiki na farko da na buɗe baki a cikinsa. Idi mutumin Kwarin Gawo ne, Hajara kuma 'yar Tudun Baƙo, rafin Marke ne a tsakaninsu, shi ne kuma iyakar dagatan biyu. Da rani rafin nan ko kaza tana tsallake shi. Su biyun suna son juna, ba wanda ya matsa wa wani. Matsalar uban Hajara ce, Malam Barau, mutumin da in ya ce e, ko shi kansa ba ya iya mayar da ita a'a. An taɓa sa rana mutanen Idi ba su zo ba saboda rasuwa, ya ɗauka raini ne. Aka sake sa wata Juma'a a tsakiyar damina, ya rantse a gaban jama'a cewa in rana ta faɗi ran nan ba a ɗaura ba, to Idi ya nemi mata a wani gidan.

Baba Nadabo ya kwana a Tudun Baƙo, ni ya bar ni in taho da 'yan ɗaurin aure. Da safe aka yi ruwa a can saman duwatsu, mu ko ɗigo ba mu gani ba. Muka sauko masallaci muka kama hanya da ƙwaryar goro da alawa, muna isa rafi muka tarar ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da itatuwa da wata matacciyar tunkiya. Akwai mashigi a can sama inda duwatsu suka tsuke shi, amma kafin ka zaga ka sauko sai gobe. Idi ya tuɓe riga zai faɗa, yayansa Tanko ya riƙe shi. Ku riƙe sunan Tanko ma.

Can sai ga mutanen Tudun Baƙo sun gangaro ɗaya gaɓar, da limaminsu, da Malam Barau yana duban rana kamar mai jiran buɗe-baki. Muna ganin juna sarai, amma ƙugin ruwa ya hana a ji ko sallama. Na hango Baba Nadabo ya durƙusa gaban liman suna magana. Daga baya na ji abin da liman ya ce, wai matuƙar ana ganin juna, shaidu kuma sun ji bayarwa sun ji karɓa, majalisi ɗaya ne, sadaki kuwa dama ya riga ya shiga hannu. Sai tsohon ya miƙe ya nuna mini wani falalen dutse a gefenmu da sandarsa. Na gane. Na hau, na juya wa wani babban dutse da yake tsaye a wajen baya. Shi tsohon iska tana bayansa, ni ita nake fuskanta.

Wakilin Idi ya faɗa mini a kunne, na jira iska ta numfasa, na saki: "Muna nema wa Idi auren Hajara!" Na ga kawuna sun ɗago a tsallake. Baba Nadabo ya sunkuya wajen Malam Barau, ya ɗago, muryarsa ta taho siririya a kan ruwa: "An ba ku! Ci da sha da sutura a kanku!" Na mayar: "Mun karɓa!" Gaɓa biyu suka ɗauka, "Mun ji, mun shaida!" Aka shafa fatiha rana tana kan bishiyoyi. Malam Barau ya tashi ya kaɗe rigarsa, ransa a ɓace don an hana shi cika rantsuwa. Goro kuwa babu yadda za a yi ya ƙetare. Mutanen Kwarin Gawo suka zauna a gaban idon surukansu suka raba shi tas, suna ɗaga hannu suna godiya. Mutanen Tudun Baƙo suka koma gida baki fari.

Da ruwa ya janye aka kai amarya. Malamin dagacin Tudun Baƙo ya ce ai a Kwarin Gawo aka karɓi auren, can za a rubuta. Na Kwarin Gawo ya ce ai a Tudun Baƙo aka bayar, can ya kamata. Kowa ya rufe littafinsa ya tafi gona. Ba wanda ya damu, don wa zai yi musun auren da gari biyu suka ji?

Tanko ne ya yi. Bayan an sami mulkin kai da 'yan shekaru Idi ya rasu, ya bar Hajara da ɗa guda, Sale, lokacin bai isa riƙe garma ba, da wata gonar fadama da kowa yake haɗiyar yawu a kanta. Kafin nan Baba Nadabo ya rasu, liman ya rasu, Malam Barau da wakilin Idi duk ƙasa ta rufe su. Tanko ya tafi gaban alƙali ya ce shi bai san an ɗaura aure ba. Yana wajen, in ji shi, ya ga mutane suna ɗaga hannu a tsallaken ruwa, amma bai ji an ce an bayar ba, su ma can ba yadda za a yi su ji an karɓa. A duba littafi. Aka duba na nan babu, aka duba na can babu. Mutumin da ya ci goron auren har ya ɗaure saura a gefen rawani!

Hajara ta zo gidana da yaron. Ba ta yi kuka ba, ta dai tsaya daga bakin zaure ta ce, "Malam Garba, yara sun fara kiran ɗan nan da wani suna a dandali. Kai ka faɗi auren nan da bakinka. Ka zo ka sake faɗa." Na ji zuciyata ta tafasa, ban ɓoye muku ba. Ba don gonar ba. In aka ce ba a ji auren nan ba, to an ce ni da Baba Nadabo kukan banza muka yi.

Na je kotu da babbar rigata. Alƙalin dattijo ne mai natsuwa, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Garba, ban ce ƙarya kake ba. Amma kai maroƙi ne, ka san shaidar maroƙi ba ta tsayawa a nan. Mutanen garuruwan kuma kowa yana jin nauyin Tanko, an kira su sun ce sun manta." Ka ji fa. Bakin da ya ishe su ɗaura aure bai ishe su shaida ba. Na ce, "Allah ya gafarta malam, to a bar shaidata. Tanko cewa ya yi murya ba ta ƙetare Marke in ya cika. Wannan ba sai an rantsar da kowa ba, ga rafi ga damina." Ya shafa gemu, ya ce in ruwa ya kawo a sanar da shi.

Da ruwa ya kawo aka sa rana, alƙali ya zauna a gaɓar Tudun Baƙo, Tanko a gefensa, Hajara da ɗanta a baya. Ni na zaga ta mashigin sama zuwa gaɓar Kwarin Gawo tun ana gobe, tare da muhuti, mataimakin alƙali, wanda zai gaya mini abin da zan faɗa sai mun isa, don kada a ce mun haɗa baki. Labari ya bazu, gari biyu suka fito kallo, har da masu tallar dafaffiyar gyaɗa. Na hau falalen dutsen nan. Sai dai Garban da ya hau shi da farko saurayi ne, wannan kuwa furfura ta fara, ga mura ta kwana biyu tana cina, ruwan kuma ya fi na wancan karo hauka. Na tauna citta, na lashi zuma. Muhuti ya ce, "Ka ce, alƙali yana gaida mutanen Kwarin Gawo, yana tambayar ya ruwa."

Na jira iska, na saki. Ba wanda ya motsa a tsallake. Na hango Tanko yana washe baki. Na gyara tsayuwa, na matsa baya har rigata ta taɓa dutse, na jawo maganar tun daga cibiya na sake saki. Alƙali ya ɗaga hannu, ya juya ya faɗa wa na kusa da shi abin da ya ji. An gama ke nan, da ina da hankali da na sauko. Amma na dubi gaɓar nan na ga daidai inda Baba Nadabo ya tsaya, sai na ji bakina ya ci gaba da kansa: "Muna nema wa Idi auren Hajara!" Na amsa wa kaina a madadin tsohon: "An ba ku!" Na ce, "Mun karɓa! Jama'a, wa ya ji?" A kan wannan tambayar na ji wani abu ya tsage a wuyana kamar tsohon ƙyalle, na ɗanɗani jini.

Abin da ya biyo baya sai daga baya aka ba ni labari, don ni ina durƙushe ina tari. Wai wani tsoho a Tudun Baƙo, Jatau, ya dogara sanda ya zo gaban alƙali ya ce, "Allah ya gafarta malam, ni na ji, wancan karon ma na ji. Yadda za a yi in manta? Muna tsaye a nan waɗancan marasa kunyar suka cinye goronmu muna kallo. Ga babbansu nan a zaune, da idona na ga ya kai biyu baki!" Wuri ya kaure da dariya, kunya ta kama sauran, sai ga shi kowa ya tuna. Mutanen Tudun Baƙo suka yi ta fitowa suna shaida, kowanne sai ya fara da goron kafin ya zo kan auren. Alƙali ya ce auren da ya bazu haka a kunnen jama'a ya tabbata, yaro ɗan ubansa ne, gona tasa ce. Ya kuma sa malaman dagatan biyu su rubuta, don haka auren da ya rasa littafi ɗaya ya ƙare a cikin biyu.

Shekarar da ta biyo ita ce muguwar shekarata. Wata da watanni ko sallama sai da hannu nake yi. Na sha sassaƙe, na sha rubutu, na je asibiti a Kano aka leƙa da fitila aka ce in daina magana, kamar akwai wadda nake yi. Kaka ta zo, lokacin aure, ina zaune a ƙofar gida ina ganin masu gayyata suna wuce ni suna kau da kai. Waɗanda na aurar da iyayensu suka koma kiran wani mai kiɗan kalangu da bai san sunan kakan kowa ba. Na sayar da akuyoyina, na koma noman da na guje wa tun ina saurayi. Hajara kaɗai take aiko mini da kunu mai citta, har Allah ya ɗauke ta. Da muryar ta dawo, wannan ce ta dawo, wadda kuke yi wa dariya.

Sale ya girma, fadama ta yi masa albarka, ya buɗe kanti. Da ya tashi aure sai ya ɗauko lasifika tun daga Kano, irinta ta farko da aka gani a yankinmu, da wani yaro mai gashi buzu-buzu yana riƙe da waya. Ni ma an gayyace ni, ba laifi, aka ba ni tabarma can baya wajen takalma, aka miƙo mini goro. Da aka zo wajen, ƙarfen nan ya yi ƙara ya ce, "An ɗaura auren Sale ɗan Idi!" Aka ji har Tudun Baƙo, ba dutse, ba jiran iska, ba citta. Mutane suka yi ta mamaki, wani na kusa da ni ya taɓo ni ya ce, "Baba Garba, ka ji aiki! Da can kuna ta wahalar banza."

Na ce masa haka ne. Na ɓare gorona na ci a zaune tun ba a shafa fatiha ba, karo na farko a rayuwata, tunda ba abin da ya rage da zai ɓata. Ƙarfen ya sake maimaitawa, ɗan Idi, ɗan Idi, ko tari bai yi ba. Shi a banza ya samu sunan nan. Ni na san nawa aka saye shi.